Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Uwar 'Yan Taru da Tsarinta na Tara Taimako

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar ci gaban gari ya san cewa babu maganar da ta fi cin lokaci kamar maganar kuɗi. Akan tashi da kyakkyawar niyya, a zana ayyuka a takarda, a kafa kwamiti, amma da zarar an zo kan wanda zai bayar da wanda zai karɓa, da kuma inda abin da aka tara zai shiga, sai murya ta yi ƙasa. Wannan ne ya sa a bana filinmu na tarihin magabata ya waiwayi wata baiwar Allah da ta warware irin wannan matsala tun fiye da shekara 180 da suka wuce, a lokacin da babu banki, babu mota, babu wayar salula. Ita ce Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ba 'yar Ringim ba ce, amma ƙasarmu tana cikin Masarautar Kano a zamaninta, Kano kuwa tana ƙarƙashin tutar mahaifinta, mijinta ne ke kula da al'amuran Kano a fadar Sakkwato, ƙanwarta kuma ta yi zaman aure a gidan sarautar Kano. Saboda haka tarihinta namu ne.

Haihuwa da Tasowa

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da Husaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyadina Abubakar, wadda ta yi wa Manzon Allah (SAW) hidima a lokacin hijira. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, a cikin gidan da karatu ya zama abincin yau da gobe ga maza da mata baki ɗaya. Shehu ya yi kaurin suna wajen sukar malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma ya rubuta haka a littafinsa Nurul Albab. Abin da ya faɗa wa jama'a shi ya fara aikatawa a gidansa. Nana ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwuf a kan tafarkin Ƙadiriyya, ta kuma ƙware a Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Daga nan rayuwarta ta zama ta tafiya da zango. An yi nasara a Tabkin Kwatto a wannan shekarar, amma kafin shekarar ta ƙare aka sha mummunar asara a Tsuntsuwa, inda aka ruwaito cewa cikin waɗanda suka yi shahada akwai mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 jama'a suka sha yunwa da ciwo, suka yi zango a ƙasar Zamfara kafin su sauka Gwandu, aka kuma sake yin asarar rayuka a Alwasa. Sai a 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi. Yarinyar da ta ga wannan duka da idonta ta san abin da ake nufi da gwauruwa mai goyo, da maraya, da gurgun da yaƙi ya bari. Wanda ya san wannan kashi na rayuwarta ba zai yi mamakin abin da ta kafa daga baya ba.

Aure da Hidimar Daula

A 1807 aka aurar da ita ga Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Bello ne ya gina birnin Sakkwato a 1809, da Shehu ya rasu a 1817 kuma shi aka yi wa mubaya'a, ya naɗa Giɗaɗo Waziri. Ta haka Nana ta kasance 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, daga baya kuma mahaifiyar Waziri, domin ɗanta Abdulƙadir ya gaji wannan muƙami. Waziri ne ƙofar masarautun gabas a fadar Sakkwato, cikinsu har da Kano. A hannun Giɗaɗo ne kuma Baturen Ingila mai yawon bincike, Kyaftin Kilafatan, ya sauka a 1824, da kuma zuwansa na biyu wanda a cikinsa ya mutu a Sakkwato a 1827.

Mace mai irin wannan matsayi tana iya zama a ɗaki bayi su yi mata fifita har ƙarshen ranta. Nana ta zaɓi aiki. Bayan rasuwar Shehu tana cikin waɗanda suka tattara littattafansa suka tsara su don kada su salwanta. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina, wanda ake lissafawa cikin rubuce-rubucenta na farko. Ayyukanta da suka iso gare mu sun haura 60, a harsuna uku: Larabci domin malamai, Fillanci domin dangi da makusanta, Hausa kuwa domin talakawan da su ne mafi yawan jama'ar daula. Akwai waƙarta da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baituka 30 don sauƙin hadda. Akwai Tabshirul Ikhwan na 1839 a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Akwai waƙoƙin tarihin jihadi, da na wa'azi, da na ta'aziyya masu yawa. Ƙaninta Isa, autan Shehu, ya mayar da wasu daga cikin waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa.

Matsalar da Ta Tarar

Yaƙi ya kafa daula, amma bai shigar da ilimi kowane gida ba. Sarkin Musulmi Bello ya kafa garuruwan ribaɗi, irin su Wurno, don tsaron iyaka, aka zaunar da jama'a iri-iri a cikinsu da ƙauyukan da ke kewaye. Da yawa daga matan da ke waɗannan wurare an kamo su ne a yaƙi, ko kuma sun fito daga gidajen da bori ne mafakarsu idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Ga gwauraye da marayu, ga nisan hanya, ga kuma kulle da ɗawainiyar gida da suka hana matan aure fita neman karatu. Malamai suna birni, masu bukata suna ƙauye.

Nana ta fahimci cewa ba za ta iya taka ƙafa zuwa kowane ƙauye ba, kuma dukiyar gidan Waziri, komai yawanta, ba za ta ɗauki nauyin kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake bukata shi ne tsarin da zai kai ilimi daga birni zuwa ƙauye, ya kuma tattaro ɗan abin da ke hannun mutane ya kai shi ga wanda ya fi su bukata. Wannan tsari shi ne aka sani da 'Yan Taru, wanda ya kafu a wajejen shekarun 1830 zuwa 1840.

Yadda 'Yan Taru Ke Aiki

A kowane gari ko ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda matan wurin suka yarda da ita. Ita ce Nana ke naɗawa jagora, a kira ta jaji. Naɗin kuwa na gaske ne, domin akan ɗora mata malfa, a naɗe ta da jan ƙyalle. Malfa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar mata kuma uwar masu bori. Nana ba ta jefar da alamar da mata suka saba girmamawa ba, sai ta ɗauke ta ta ba ta sabuwar ma'ana, ta yadda duk wanda ya hango mai malfa ya san jakadiyar 'yar Shehu ce, ya ba ta hanya.

Jaji ce ke haɗa ayarin da zai tafi wurin Nana. Waɗanda ke cikin ayarin su ne tsofaffin da suka wuce haihuwa da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba. Matan aure masu ɗawainiya suna gida, ba a raba su da mazajensu da 'ya'yansu ba, amma ba a bar su a baya ba, domin kowacce takan ba da sadakarta a tafi da ita. Sadakar kuwa ita ce abin da gidan ƙauye ke iya fitarwa: ɗan hatsi, man shanu, zuma, zaren da aka kaɗa da hannu, ko ƙyallen saƙi. Ayari ya kama hanya a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, har ya sauka a gidan Nana. A can za a sauke su, a ji matsalolinsu da na waɗanda suka aiko su, a ba su fatawa, a koya musu waƙoƙin da ke ɗauke da hukuncin tsarki da salla da azumi da tarihin Manzo (SAW) da kyawawan halaye. Idan sun koma gida sai su shiga gida-gida suna koya wa matan da ba su samu zuwa ba.

Abin da aka kawo kuwa ba ya zama a rumbun Nana. Takan raba shi ga mabukata, wato gwauraye da marayu da marasa lafiya da naƙasassu da baƙi. Ta haka mudun gero da ya fito daga hannun matar da ita kanta ba mai wadata ba ce, idan ya haɗu da na ɗaruruwan irinta, sai ya zama abin da zai riƙe gidaje. A ƙauyukansu kuma 'Yan Taru su ne aka sani da wankan gawar mata, da jinyar marasa lafiya, da sharar masallaci, da sasanta matan da suka saɓa. Taimakon nasu bai tsaya ga abin hannu ba, har da ƙarfin jiki da lokaci.

Wani abin lura shi ne yadda Nana ta riƙi waɗannan mata. Ta yi wa sarakuna da manyan malamai waƙoƙin ta'aziyya, amma haka kuma ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, da wata maƙwabciyarta mai suna Halima, tana yaba hidimarsu ga jama'a. Sunayen waɗannan talakawa sun iso gare mu ne kawai saboda 'yar Shehu ta ga sun cancanci a rubuta su. Wanda ya san ana ganin wahalarsa ba ya gajiya da wuri.

Rasuwa da Magada

Nana ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta: Muhammadu Bello da ya rasu a Wurno a 1837, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Ta yi jimamin rasuwar Bello ƙwarai, ta kuma riga ta binne mijinta Giɗaɗo da yawancin tsararrakinta. Ta ci gaba da rubutu da karɓar ayarin mata har tsufa ya cim mata. Allah Ya karɓi ranta a 1864, tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato.

Aikin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam ce ta karɓi jagorancin 'Yan Taru. Wannan Maryam ita ce ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a Kano, bayan rasuwarsa ta koma gida, sarakunan Kano na baya kuma suka ci gaba da girmama ta a matsayin uwa. Bayan Maryam sai Ta Modi ta riƙe, tsarin ya tsallake zuwan Turawa a 1903 bai rushe ba. Lokacin da Baturiyar nan Jin Boyid, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta shiga bincike da taimakon Wazirin Sakkwato Junaidu, jikan gidan Giɗaɗo da Nana, ta tarar da mata a ƙauyuka suna riƙe da muƙamin jaji, suna rera waƙoƙin Nana, suna kai ziyara Hubbare. Ta wallafa tarihin Nana a 1989, sannan a 1997 ita da Farfesa Bebali Mak ta Amurka suka fitar da kundin ayyukanta. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, tana ɗaukar Nana abin koyi, makarantu da yawa a Arewa suna ɗauke da sunanta, haka ma wani ɗakin kwanan ɗalibai mata a Jami'ar Bayero ta Kano.

Abin da Ya Shafe Mu

'Yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai Ingila da Amurka sun ga yadda mutanen can ke tara wa makaranta ko asibitin unguwa kuɗi. Iyaye mata su toya kek su sayar a ƙofar makaranta, samari su wanke motoci a ranar hutu su zuba ladan a asusu, wasu kuma su sayar da tikitin da za a jefa ƙuri'a a ba mai rabo kyauta. Wannan na ƙarshe malamanmu suna ganin sa a matsayin caca, don haka ba namu ba ne. Sauran biyun kuwa hikimarsu ɗaya ce da ta gayya da adashe da karo-karo da muka gada: kowa ya kawo abin da yake iyawa, ko da ƙarfinsa ne, a haɗa ya zama abu.

Mu kuwa a 'yan shekarun nan mun fi karkata ga bikin ƙaddamar da gidauniya. A kama babban zaure, a buga katin gayyata, a nemo babban mai ƙaddamarwa da manyan baƙi, maroƙa su yi ta shela ana tafi. Ba a hana wannan ba, kuma masu hali da yawa sun yi abin a yaba. Amma kowa ya san yadda sau da yawa ake ƙarewa: alƙawarin da aka faɗa a lasifika daban, abin da ya shiga asusu daban, kuɗin zaure da abinci su cinye kashi mai tsoka, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya koma gida da abinsa a aljihu saboda kunyar a ambaci ɗan abin da ya kawo bayan an ambaci miliyoyi. Daga nan sai a yi shiru har wata shekara.

Tsarin Nana ya bambanta da wannan ta fuskoki da ya kamata mu duba da kyau. Da farko, ya dogara ne ga masu ƙaramin ƙarfi masu yawa, waɗanda ke bayarwa a kai a kai, ba ga mutum ɗaya da idan ya yi fushi ko ya karye komai zai tsaya ba. Na biyu, a kowane wuri akwai mutum ɗaya sananne, wanda mutanen wurin suka yarda da shi kafin a naɗa shi, kuma kowa ya san ta hannunsa saƙo ke bi. Na uku, wanda bai samu zuwa ba yana da hanyar aikawa, ba a ɗauki rashin halarta a matsayin rashin kishi ba. Na huɗu, mai bayarwa ba ya komawa hannu wofi, domin ayarin da ya kai hatsi yakan dawo da ilimi da amsar tambayoyi. A wurinmu kwatankwacin wannan shi ne cikakken bayani: nawa aka tara, me aka yi da shi, ga rasit, ga aikin a ƙasa. Na biyar, wadda ke karɓa ba ta ci, kuma jama'a sun shaida haka, shi ya sa ba su daina kawowa ba. Na shida, an tanadi magada, har aikin ya rayu fiye da shekara 100 bayan mai shi.

Sannan akwai batun mata. Ƙungiyoyin ci gaban gari da yawa sukan tuna da mata ne kawai idan an zo maganar girkin ranar taro. Alhali kuwa matan da ke riƙe adashe a unguwanninmu shekara da shekaru ba tare da kwabo ya ɓata ba, sun fi wasunmu masu takardun digiri sanin yadda ake tara kuɗi a hannun talaka a kuma mayar masa da amana. Nana ta gina tsarinta kacokan a kan irin waɗannan mata.

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kuma ɗaga Ringim ta zama masarauta mai ƙunshe da ƙananan hukumomin Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura, nauyin garinmu ya ƙara dawowa wuyanmu. Ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki ta rusa gidaje a yankinmu da sauran sassan jihar da ke bakin Kogin Haɗeja, ta nuna mana cewa ranar bukata ba ta jiran a buga katin gayyata. Asusun da zai yi amfani a irin wannan rana shi ne wanda aka riga aka tara sannu a hankali tun ana zaune lafiya. 'Yan asalin Ringim suna nan a Kano da Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal, daga ma'aikacin gwamnati har ɗan kasuwa, daga direba har mai sayar da shayi. Da kowace unguwa da muke zaune za ta sami amintacce guda, namiji ko mace, da zai riƙa karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata, a rubuta, a karanta wa kowa a ƙarshen shekara, da ba mu jira kowa ba kafin mu gyara rufin aji ko mu sayi maganin asibiti. Matan da suka yi wannan kafin mu a ƙasa suka taka, da kaya a ka, cikin rana da hunturu. Mu a yau aika kuɗi daga Legas zuwa Ringim ba ya ɗaukar minti biyar a waya.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da 'yan'uwanta, da dukkan matan da suka ɗauki malfa suka yi wa jama'a hidima ba tare da an san sunayensu ba. Allah Ya ba mu zuciyar bayarwa, Ya ba shugabanninmu riƙon amana, Ya kuma zaunar da ƙasar Ringim lafiya, amin.